Tafiya ƙasar waje da iyali 'yar wata ƙasa: takardun da za a haɗa da inda ake tuntuɓe

Daga Kamba zuwa Gaya, daga Kangiwa zuwa Dogon Dutsi, daga Illo da Lolo zuwa cikin Jamhuriyar Benin, auratayya ta girmi iyakar da Turawa suka shata. Gidaje da yawa a Kebbi uwargida ko amarya 'yar Dosso ce, a Zamfara kuma 'yar Maraɗi. Muddin zirga-zirgar ba ta wuce biki da suna da ta'aziyya ba, ba mai tunawa cewa miji da mata ƙasashensu biyu ne. Sai ranar da aka ce za a je Umara, ko asibiti a Masar ko Indiya, ko a kai wa ɗa ziyara a Ingila, sannan maganar take tashi.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce: biza fasfo take bi. Jami'in shige da fice yana duban kowane mutum shi kaɗai, da fasfon da ke hannunsa, kuma igiyar aure ba ta ɗora wa matarka haƙƙin da fasfonka ya ba ka. Mai fasfon Nijeriya yana shiga Kamaru ba tare da biza ba, matarsa mai fasfon Nijar sai ta nema. A Maroko abin juyawa yake yi, ita ce za ta shige, kai ne mai bin layin ofishin jakadanci. Saboda haka tambayar farko ita ce me ƙasar da za ku je take nema daga fasfonta, sannan me take nema daga naka. Wanda hanyarsa ta fi tsawo a cikinku, da shi ake auna lokacin shiri.

Kafin fasfo ma, a tabbatar 'yar wace ƙasa ce a takarda. Mutane da yawa na ɗauka cewa da an ɗaura aure an kawo amarya, ta zama 'yar Nijeriya. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 dama ya ba matar ɗan Nijeriya ta nemi a yi mata rajista a matsayin 'yar ƙasa: ta cike takardu ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a gamsu da halinta da niyyarta ta zama a ƙasar, ta yi rantsuwar biyayya, a ba ta shaida. Kafin shaidar nan ta fito, baƙuwa ce a idon doka ko da ta haifi 'ya'ya goma a Argungu. Ba abu ne na mako biyu ba, don haka kada a ɗora tafiyar da ta matso a kansa. Idan an yi rajistar, sashe na 28 bai tilasta mata barin ƙasar da take 'yarta ta haihuwa ba.

Ga gajeriyar hanyar da ke jefa mutane cikin wahala. Sai a je ƙaramar hukuma a karɓo mata takardar shaidar asali da sunan wani ƙauye, a yi mata lambar NIN a matsayin haifaffiyar nan, a nemi fasfon Nijeriya da su. Laifi ne a ƙarƙashin Dokar Shige da Fice ta 2015, a kanta da kan wanda ya tsaya mata. Ban da haka, ramin ƙarya ƙurarre ne a zamanin hoton yatsu. Matar da ta taɓa shiga Saudiyya da fasfon Nijar, yatsunta suna ajiye da sunanta da shekarar haihuwarta. In ta koma da wani fasfo mai wata shekara daban, na'ura ce za ta tona, kuma a filin jirgin Jidda ba wurin da za ka samu wanda zai sa baki. A sani kuma NIN ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana yi masa, da ƙasarsa ta gaskiya a rubuce.

Fasfo da rubutun suna

Kowa nasa, har jariri. Yawancin ƙasashe, ciki har da Saudiyya, suna so fasfo ya rage da aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ƙasashen Shengen na Turai suna neman wata uku bayan ranar da za a bar ƙasarsu, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma fasfon kada ya haura shekara 10 da fitowa. Naka za ka sabunta a ofishin fasfo na Birnin Kebbi ko Gusau. Daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000, kuma dole bayanan su yi daidai da na NIN. Nata kuwa hukumomin ƙasarta ne kaɗai ke bayarwa. 'Yar Nijar ta fara tuntuɓar ofishin jakadancinsu a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Kano, ta ji ko sai ta je Yamai da kanta. Za a nemi takardar haihuwa da takardar shaidar zama 'yar ƙasa, kuma a nan ne iyalai da yawa ke gano cewa takardar haihuwar ba a taɓa yin ta ba, sai an je kotun yankin da aka haife ta da shaidu an karɓo hukuncin da ke maye gurbinta. Wannan kaɗai kan ci makonni.

Rubutun suna ƙaramin abu ne mai rushe tafiya. Faransanci yana rubuta Aïchatou, Zeinabou, Oumarou, Mahamadou, mu muna rubuta Aisha, Zainab, Umar, Muhammad. A gida duk ɗaya ne, a kwamfutar kamfanin jirgi mutum biyu ne. Yadda aka rubuta a fasfo, harafi da harafi, haka za a rubuta a takardar aure, da fom ɗin biza, da katin rigakafi, da tikiti. Kada wakilin tafiya ya gyara mata suna don ya yi kama da naka, kada kuma a liƙa mata sunanka a matsayin sunan mahaifi. Ba dokar da ta ce sai sunan mata ya zo ɗaya da na miji. Ranar haihuwa ma haka. Tsofaffin takardun Nijar da yawa 1 ga Janairu suke ɗauke da ita, saboda shekarar kawai aka sani. A bar ta yadda take a ko'ina.

Takardar aure

An ɗaura a masallaci ko ƙofar gida, an raba goro, jama'a sun shaida, aure ya tabbata. Amma ma'aikacin ofishin jakadanci bai halarci ɗaurin auren ba, takarda yake so. A je kotun shari'ar Musulunci ta yankin da aka ɗaura, tare da waliyyi da shaidu biyu, a karɓi takardar shaidar aure mai ɗauke da ranar ɗaurin aure, da sadaki, da sunayen ma'aurata yadda suke a fasfo, da hatimin kotu. Takardar rantsuwa ta babbar kotu tana ƙarfafa ta, amma ita kaɗai ba ta da nauyi, domin kowa na iya rantsewa a kan abin da ya ga dama. Idan da Hausa ko Larabci aka rubuta, a yi fassarar da aka tabbatar zuwa harshen da ofishin jakadancin ke karɓa. Ƙasashen da ke tsananta bincike suna so a kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga mata hatimi, daga nan ofishin jakadancinsu ya buga nasa. Auren da aka ɗaura a Nijar, takardarsa daga ofishin magajin garin take fitowa, kuma a can ake bin matakan tabbatar da ita.

Akwai shawarar da wasu wakilan tafiya ke bayarwa: wai a je a yi auren rajista na gwamnati domin takardarsa ta fi ƙarfi a wajen Turawa. A yi hattara da wannan. Auren da ake yi a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya na mace ɗaya ne. Mai mata a gida da ya je ya yi shi da wata, sashe na 33 na dokar ya ce auren rajistar bai ƙullu ba, kuma dokar ta tanadi ɗaurin shekara biyar. Wanda ya yi shi da matarsa ta farko kuma, dokar ta hana shi ƙara aure da wata muddin wancan yana nan. Takardar kotun shari'a da aka tabbatar ta isa ta ziyara.

Mai mata fiye da ɗaya ya faɗi gaskiya a fom. Ofisoshin jakadanci suna ajiye duk abin da ka taɓa cikewa. In shekara uku da suka wuce ka rubuta sunan uwargida, yau ka rubuta na amarya ba bayani, abin da za a gani shi ne ƙarya, kuma a Ingila samun mutum da yaudara a neman biza na jawo hani na shekara 10. A haɗa da wasiƙa gajeriya: auren Musulunci ne, matan su kaza ne, wadda za a tafi da ita ita ce wance, ga takardarta. Don ziyara wannan ba laifi ba ne. Zama ne ke da wata doka, domin Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa ba mata ta biyu izinin zama idan akwai wata matar tare da mijin a can. Amaryar da ba ta kai shekara 18 ba kuwa, ƙasashen Turai yarinya suke ɗaukarta, takardar aure ba za ta sauya hakan ba, tana ma iya jawo wa mijin tambayoyin da bai shirya musu ba.

Hanyar dawowa

Wannan ne aka fi mantawa, kuma shi ya fi ciwo. Kai in ka dawo gida ka dawo, ita kuwa shiga wata ƙasa za ta sake yi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza. Kwana 90 ɗin na baƙunta ne. Wadda ke zaune a gidan miji tana buƙatar katin zama na 'yan ECOWAS daga ofishin shige da fice na jiha. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, amma ECOWAS ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku da barinsu shiga da zama har sai an sanar da wani abu daban. Tsari ne na wucin gadi, sanarwa ɗaya na iya sauya shi, shi ya sa muhimmancin katin zama ya ƙaru yanzu.

Matar da ta fito daga wajen Afirka ta Yamma, kamar Sudan ko Masar, katin zama na CERPAC take buƙata, a rukunin matan 'yan Nijeriya. A duba ranar ƙarewarsa a tabbatar ta wuce ranar dawowa, domin kamfanin jirgi na iya ƙin ɗaukarta daga Alƙahira ko Jidda idan katin ya mutu kuma ba ta da biza. Wadda ta shigo da bizar ziyara ta zarce wa'adi, tun 2025 akwai tarar dala 15 a kowace rana, kuma a wajen fita ake cin karo da ita.

Katin zaman yana da wani amfanin. Ƙasashen Shengen suna karɓar neman biza ne a ƙasar da mutum ke zaune bisa doka. Ba kati, ana iya ce mata ta koma ƙasarta ta nema, kai kana Abuja ita tana Yamai a kan tafiya ɗaya.

'Yar Nijeriyar da ke auren baƙo, lamarinta ya ɗan bambanta. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki bai ambaci miji ba, saboda haka mijinta ba shi da hanyar rajista. Izinin zama na musamman ake nema masa ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, in kuma zama ɗan ƙasa yake so sai ta sashe na 27 mai sharaɗin shekara 15. 'Ya'yansu dai 'yan Nijeriya ne ta haihuwa, domin sashe na 25 ya wadatu da ɗaya daga cikin iyaye, uwa ko uba.

Neman bizar

Fom biyu, kuɗi biyu, hoton yatsu kowa nasa, amma a nemi rana ɗaya, kowane fom ya ambaci ɗayan. Idan kai ne mai ɗaukar nauyi, a jakar takardunta a sa wasiƙarka, da kwafin fasfonka, da takardar aure, da bayanan asusunka na banki na wata shida. A nan 'yan kasuwarmu ke faɗuwa. Mai fataucin albasa a Aliero ko shinkafa a Suru na iya juya miliyoyi a hannu, asusunsa kuma a bushe. Sai ana saura mako biyu ya zuba kuɗi masu yawa a tashi ɗaya. Mai duba takardu aro yake ɗaukar irin wannan kuɗin. Tun ran gini tun ran zane: wata shida kafin tafiya a riƙa bi da ciniki ta banki, a ajiye rasit da takardar rajistar kasuwanci.

Abin da jami'in ke auna shi ne ko za ta dawo. Matar da fasfonta na wata ƙasa, zamanta a wata, tana neman shiga ta uku, sai an nuna abin da ya ɗaure ta a nan: katin zama, takardun haihuwar 'ya'yan da za a bari a gida, takardar makarantarsu, sana'arta in tana da ita. Bizar Shengen yuro 90 ce ga babba, da inshorar lafiya mai iya biyan kuɗin jinya na aƙalla yuro 30,000, tana ba da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, ana iya nema tun saura wata shida, amsa kan ɗauki kwana 15 har zuwa 45. Ta ziyarar Ingila wata shida ce, ba a aiki da ita, ba a kuma mayar da ita ta zama daga ciki. Indiya tana da bizar jinya ga majinyaci, da ta masu jinya ga mutum biyu, duka bisa wasiƙar asibitin da za a je. Kada a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar mutum biyun ta fito, don ana ba ɗaya a hana ɗaya.

A duba inda jirgi zai yada zango. Mai fasfon Nijeriya na buƙatar bizar wucewa ko da sauya jirgi kawai zai yi a filin jirgin wata ƙasar Shengen, sai in yana da wata biza ko izinin zama da ya ɗauke masa. Ma'aikatan kamfanonin jirgi suna duba wani kundi mai suna Timatic, fasfo da fasfo, kuma ba sa sassauci domin su ake ci tara idan suka ɗauko wanda za a mayar. A sa wakilin tafiya ya duba fasfon biyun a kan dukkan zangon kafin a biya.

Hajji yana da nasa tsarin. Saudiyya ƙasa-ƙasa take raba kujeru, hukumar jin daɗin alhazai ta jiha kuma da fasfon Nijeriya take aiki a ƙarƙashin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Mai fasfon Nijar kujerarta na cikin kason Nijar, ta hukumar alhazansu, COHO. Ma'ana kai ka tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, ita daga Yamai, masauki daban, tanti daban a Mina. Saudiyya ta daina sharɗanta muharrami ga mace, amma ma'auratan da ke son tafiya tare su fara wannan magana shekara guda kafin lokaci. Kada a yarda da mai cewa a shigar da ita da bizar ziyara ta laɓe har Arfa. A 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ga kora da hanin shiga na shekara 10.

Katin rigakafin shawara, wato katin ruwan ɗorawa, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Na Hajji da Umara ana ƙara ta sanƙarau, ita ma aƙalla kwana 10 kafin isa. Mai ciki da jaririn da bai kai wata tara ba, likita ne zai rubuta musu takardar uzuri. Kada a sayi kati ba allura, domin na Nijeriya yanzu yana da lambar da ake dubawa a kwamfuta.

Idan ta mota ce

A bi ta mashigar hukuma irin ta Kamba, mutanen Zamfara kuma ta Jibiya ko Illela, a tsaya a buga hatimin fita da na shiga a fasfon kowa. Hanyar daji da babur ta fi sauri, amma fasfon da ke da hatimin shiga ba na fita yana nuna mutum bai taɓa barin ƙasar ba, kuma wata rana sai an yi bayaninsa. Nijar ta fitar da sabuwar dokar shiga da zaman baƙi a Janairu 2025 mai tsauri, don haka maigida ya riƙe cikakken fasfo, kada ya dogara da ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS. A ji halin da iyakar take ciki a ranar, domin an rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 ba a buɗe ba sai Maris 2024. Mai shiga da motarsa ya tanadi takardunta na asali, da inshorar da ke aiki a ƙetare, da takardar izinin shigar mota ta wucin gadi daga kwastan ɗin can.

Hanyar Nijar ita ce masu safarar mutane ke bi zuwa Agadas da Libiya, shi ya sa namiji da budurwar mace ko ƙananan yara ke jan idon jami'ai da hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP. Kwafin takardar aure a aljihu yana kashe maganar cikin minti biyar. Idan uwa ce za ta kai yara ganin dangi ita kaɗai, fasfonta na Nijar nasu na Nijeriya, sunaye ba su zo ɗaya ba, ta riƙe takardun haihuwarsu na Hukumar Ƙidaya, da wasiƙar amincewar uba mai sa hannu da lambar waya, da kwafin katin shaidarsa. Kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa a bayyana wa kwastan. Saudiyya kuma tana haɗa gwal da tsabar kuɗi a lissafinta, a tuna da sarƙa da awarwaron uwargida.

Kowa ya riƙe fasfonsa a jikinsa, a ɗauki hoton dukkan takardu a wayoyin biyu, a bar kwafi a gida wajen wanda za a iya kira. In fasfo ya ɓata a can, matakin farko rahoton 'yan sanda ne. Ofishin jakadancin Nijeriya zai ba ka takardar gaggawa ta komawa gida, amma kai kaɗai, domin 'yan Nijeriya yake yi wa. Ita sai ofishin ƙasarta, kuma takardar gaggawar da za su ba ta galibi ƙasarta take kaiwa, wato ta sauka a Yamai ko Kwatano, kai a Kano. Tun kafin a tashi a nemo adireshi da lambar wayar ofishin jakadancin ƙasarta a garin da za ku je, in babu a can, a san wanda ya fi kusa.